Gina Lungun Tsohon Birni a Kwamfuta: Inda Ake Bin Zahiri da Inda Ake Saɓa Masa

Aikin muhalli na 3D, wato gina wuri a kwamfuta da tsawo da faɗi da zurfinsa, yakan lalace ta hanya biyu. Wani zai zauna ya bi zahiri sau da ƙafa, kowace tsaga ta bango ya sa ta, kowace leda ta cikin kwata ya ajiye ta, ƙarshe ido ya shiga hoton ya rasa inda zai tsaya. Wani kuma kyau kawai yake nema: rana kullum ja tana faɗuwa, katangar ƙasa tana ƙyalli, ƙofar zaure raƙumi zai shige ta da kayansa. Duk wanda ya taɓa taka cikin birni, kallo ɗaya zai yi ya ce wannan ba garinmu ba ne.

Hanyar da nake bi ita ce raba musu aiki. Zahiri shi ke riƙe da dalili: girman abu, abin da aka yi shi da shi, yadda ruwa ke cinsa, yadda haske ke sauka a kansa. Ra'ayin mai zane kuma shi ke riƙe da zaɓi: wane lokaci ne, daga ina ake kallo, me za a cire, ina ido zai fara sauka. Za mu bi wannan da misali guda, wato lungu a tsohon birnin Kano wanda ya ƙare a ƙofar wani zaure. Ko da manhajar Blender kake aiki ko da ta Unreal Engine, matakan ɗaya ne.

Mataki na 1: Jimla ɗaya kafin a buɗe manhaja

Rubuta abin da kake so mai kallo ya ji, a jimla ɗaya tak. Misali: "Safiyar hunturu, lungu shiru, ido ya zarce kai tsaye zuwa ƙofar zauren da ke can ƙarshe." Daga yanzu wannan jimlar ce alƙali. Duk abin da ka yi niyyar ƙarawa, idan bai taimake ta ba, ya jira.

A nan kuma za ka yanke zamani, domin abubuwa da yawa sun rataya a kansa. A daidaita sahu bai shigo titunan Kano ba sai bayan shekarar 2000, acaɓa kuma an hana shi a 2013. Darbejiya da ta cika gari yau baƙuwa ce, a zamanin Turawa aka kawo ta, saboda haka Kanon ƙarni na 19 kuka da tsamiya da rimi da dabino za ka dasa mata. Rufin kwano, bulo na siminti, wayar lantarki, kowanne da lokacin da ya zo.

Mataki na 2: Jakar shaida biyu

Buɗe jaka biyu a kwamfutarka, kada ka bari su gauraya. Ta farko ta zahiri ce: hotunan bango, ƙofa, indararo, daɓe, duk da awonsu. Ta biyu ta yanayi ce: duk hoton da haskensa ko launinsa ya yi kama da jimlarka, ko da a wata ƙasa aka ɗauke shi. Daga ta farko ake ɗaukar siffa, daga ta biyu ake ɗaukar haske da launi. Ranar da ka fara kwafo siffar gini daga jakar yanayi, ranar Kanonka za ta fara zama Maroko.

Intanet ma yana da nasa tarkon. Nemi ginin ƙasa na Afirka ta Yamma, abin da zai fara kawo maka shi ne masallacin Djenne na Mali da hasumiyar Agadas, masu itatuwa tsiri-tsiri a jikin bango. Gine-gine ne na ban mamaki, amma gidajen Kano ba haka suke ba. Rumbunan kayan aiki irin su Poly Haven da Megascans kuma, akasarin duwatsu da ƙasa da ciyayin da ke cikinsu ba daga yankinmu aka ɗauko su ba. Za su yi maka amfani, sai dai sai ka gyara launinsu.

Idan da hali, taka da ƙafarka. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, tsohon masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, unguwar Birni a Damagaram, duk makarantu ne. Ka tafi da tef na awo. Hoton bango a inuwa ake ɗaukarsa ko ranar da hazo ya rufe rana, don kada inuwa ta manne a jikin launin. Lungu kuwa gidajen mutane ne: yi sallama, nemi izini, kada ka saita kyamara cikin zaure ba a ce maka bismilla ba. In ka dace da tsohon magini a wurin, rabin awa da shi ya fi hotuna ɗari.

Mataki na 3: Kwarangwal, awo, da ƙaryar farko

Fara da akwatuna masu launin toka, ba ado, ba fata, wato launi da kaushin da ake shafa wa jikin abu. Tsayar da mutum-mutumi mai tsawon mita 1.7 zuwa 1.8 a tsakiya, kada ka cire shi har aiki ya ƙare. A Blender awo ɗaya mita ɗaya ne, a Unreal kuwa santimita ɗaya ne, don haka ka duba wannan tun farko kafin gidanka ya shiga can ya zama ƙwayar gero ko dutsen Dala.

Ajiye kyamara a tsayin ido, wajen mita 1.6. Lensi mai milimita 35 yana ba da kallo na kusa da yadda mutum ke ji a tsaye a wurin. Mai 24 zai buɗe lungun ya sa ƙarshensa ya yi nisa, mai 85 zai matso da zauren ya tara bangaye a kan juna. Zaɓi ɗaya ka kulle. Idan hoto ɗaya kake yi, abin da kyamara ba ta gani ba ya bin ka bashin komai.

Yanzu ga wurin da za ka fara saɓa wa zahiri da gangan. Akwai lungunan da mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkata. Idan wasan kwamfuta kake ginawa, irin wanda kyamara ke bin bayan ɗan wasa, wannan faɗin ba zai yiwu ba, kyamara za ta yi ta shigewa cikin bango. Faɗaɗa lungun zuwa mita 3 ko kusa da haka, amma ka ɗaga bangayen su ma, domin ƙuncin lungu daga dangantakar faɗi da tsawo ake jin sa. Abin da jikin mutum ke taɓawa kuwa, kamar dakali, matakala, mariƙin ƙofa, bar su a awonsu na gaskiya. Da su ido ke auna sauran.

Haka nan nisa. Idan jimlarka na buƙatar Dala ya leƙo ta saman katanga, matso da shi. Manyan kamfanoni ma haka suke yi: a wasan Assassin's Creed Unity na 2014, wanda labarinsa ke faruwa a lokacin juyin juya halin Faransa, an ɗora wa cocin Notre-Dame doguwar hasumiyar da ba a gina ba sai tsakiyar ƙarni na 19, domin da ita mutane suka san ginin. Sun san gaskiya, suka zaɓi barin ta.

Buɗe takarda ka riƙa rubuta kowace irin wannan ƙarya: na faɗaɗa lungu, na matso da Dala, da dalilin kowacce. Za ta yi maka rana a gaba.

Mataki na 4: Siffar gini, inda ba a wasa da dalili

Nan ne aka fi gane wanda ya kalli gini da wanda ya fahimce shi. Tubalin gargajiya ba mai kusurwa huɗu ba ne, mulmulalle ne mai faɗin gindi da tsinin kai, ana jera shi ana cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yana da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Hannu ne ya yi yaɓen, shi ya sa babu kusurwa mai kaifi, babu layin da ya miƙe sambal. Amma kada ka ɗauka maganin wannan shi ne ka watsa wa bango lanƙwasa barkatai da na'ura. Karkatar bangon ƙasa tana da tsari: ciki a ƙasa, shigewa a sama, kafaɗa mai laushi a kusurwa.

Rufi da azara ake yinsa, wato tsagin giginya, kuma tazarar da azara ke iya ɗauka ita kaɗai ba ta cika wuce mita 2 ba. Wannan shi ya haifi kusan duk abin da ke burge mu a cikin soro: ginshiƙai, jera azara a kusurwa don rage tazara, bakan gizo, ɗaurin guga. Saboda haka ɗaki mai faɗin mita 8 da shimfiɗaɗɗen rufin ƙasa, babu ginshiƙi babu baka, ba salo ba ne, rashin sani ne.

Sai ruwa, wanda shi ne babban mai sassaƙa ginin ƙasa. Indararo yana miƙowa waje ne don ya jefa ruwa nesa da bango, kuma inda ruwan ke sauka akwai ɗan rami a ƙasa. Idan indararon ya tsage, za ka ga zirin zaizaya a ƙarƙashinsa. Gindin bango ya fi ko'ina cinyewa saboda fantsamar ruwa da danshi da gogar awaki. Hadarin ƙasar Hausa galibi daga gabas yake tasowa, don haka bangon da ke fuskantar gabas ya fi shan duka. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, tana ba bango duhun ja mai kariya, kuma an fi kashe kuɗin ado a fuskar zaure da kewayen ƙofa. Wanda ya zana dagi a kowane bangon lungu bai lura da inda masu gida ke sa kuɗinsu ba.

To ina 'yancin mai zane a nan? Yana cikin ƙarin gishiri kan abin da yake akwai. Ƙara wa zankwaye tsawo kaɗan don su fito sosai a jikin sama. Ƙara sirancewar bango. Sa zauren da kake so a kalla ya ɗara maƙwabtansa tsawo. Ka bi manyan siffofi tukuna, sannan matsakaita irin su taga da dakali, sannan ƙanana. Tsaga da ɓarɓashi su ne na ƙarshe, duk da su ne hannu ya fi ƙaiƙayin yi.

Mataki na 5: Fatar abubuwa

Tun bayan da Brent Burley na kamfanin Disney ya gabatar da tsarinsa a 2012, kusan duk manhajoji sun koma auna fatar abu da ma'aunai kaɗan masu bin ɗabi'ar haske, kuma Principled BSDF, abin haɗa fata na Blender, a kansa aka gina shi. A wannan mataki shawarata ita ce kada ka yi ƙarya ko kaɗan.

Launin asali bai kamata ya ɗauki inuwa ko haske a jikinsa ba. A ma'aunin 0 zuwa 255, abin da ba ƙarfe ba ya zauna tsakanin 30 da 240: gawayi ma bai kai baƙi ƙirin ba, farar shadda ma ba ta kai fari fat ba. Ma'aunin ƙarfe ko 0 ko 1, kuma tsatsa ba ƙarfe ba ce, don haka tsohon kwano wani wurin 1 ne, inda ya yi tsatsa kuma 0. Kaushin bangon ƙasa yana can sama, 0.85 zuwa 1. Inda jiki ke goga, kamar saman dakali da gefen ƙofa, rage shi kaɗan ya ɗan yi santsi. Bambancin kaushi yana gaya wa ido gaskiyar abu fiye da yawan launi.

Jar ƙasa ba ta kai jan da ƙwaƙwalwa ke tunawa ba. Ɗebo launin daga hoton da ka ɗauka a inuwa, za ka tarar ya fi kusa da ruwan ƙasa mai ɗan toka. Bar shi haka, haske ne zai ɗumama shi. Ka kuma daidaita yawan ɗigon hoto a kowace mita: 512 ya wadatar idan kyamara na bayan ɗan wasa, 1024 idan da idonsa ake kallo. Bango garau kusa da ƙofa dishi-dishi yana tona asirin aiki nan take.

Idan daga baya hoton ya yi duhu, kada ka haskaka launin bango. Gyara hasken. Wanda ya saba gyara fata don ta dace da haske ɗaya, ranar da aka ce ya mai da safiya dare sai ya sake komai.

Zaɓinka a nan shi ne taƙaita launuka. Ruwan ƙasa ya mamaye, sannan launi ɗaya ya yi magana: shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata, a jikin zane da aka shanya ko ƙyauren zaure. Bokitin roba kore da ja da rawaya duk akwai su a lungun gaske, amma ba dole ne su shigo naka ba.

Mataki na 6: Haske

Fara da ranar gaskiya. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya, da kusan 8.5 gabas. Sa waɗannan a Sun Position na Blender ko SunSky na Unreal tare da kwanan wata da sa'a. Za ka ga abin da darussan ƙasashen Turai ba sa nunawa: ranarmu tana hawa da sauri. A Disamba ma tana kaiwa wajen digiri 55 da tsakar rana. A ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta tana tsayawa a tsakar ka, tsakanin waɗannan watanni kuma ta ɓangaren arewa take bi. Doguwar inuwa mai laushi ɗan lokaci ne da safe da yamma. Lungu mai ƙunci kuwa, yawancin yini gindinsa a inuwa yake, sama kawai ke shan rana.

Da ka ga abin da zahiri ya bayar, sai ka juya rana digiri 15 ko 20 har haske ya faɗa a ƙofar zauren, bangayen gaba su zauna a inuwa su zama firam. Babu mai kama ka, domin babu wanda ya san inda lungunka ya fuskanta. Sai fa idan akwai masallaci a hoton. Alƙiblar Kano gabas ce da ɗan karkata arewa, kuma mutanenmu suna karanta ta ba tare da sun yi tunani ba. Rana ta faɗi ta bayan mihirabi, wani zai ji akwai abin da ba daidai ba ko da bai iya faɗinsa ba.

Hazon hunturu shi ne abin da aka fi ɓatawa. Ƙurar da iska ke kwasowa, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, fara-fara ce. Sama takan koma fari mai toka, rana ta zama faifai da ido ke iya kallo, inuwa ta yi rauni, abin da ke nesa ya dushe. Ba ruwan lemo ba ne. Wannan rawayar da finafinan waje ke shafa wa duk ƙasar da ke da zafi, ni dai ina ganin lalaci ne, kuma abin takaici ne a ga ɗan gida ya kwaikwaye ta. Don samun hazo, ƙara faɗin rana daga rabin digiri da take da shi zuwa digiri 5 ko 10 don bakin inuwa ya yi laushi, sa hazo mai launin madara, ka rage shuɗin sama. Sannan ka yi amfani da shi don raba hoton gida uku: gaba mai duhu, tsakiya, da baya mai haske. Kana iya ƙara kaurinsa fiye da yadda nisan lungu mai mita 40 zai nuna a zahiri. Rubuta a takarda.

Kada ka kashe hasken da ke dawowa daga ƙasa. Rana na dukan jan daɓe, ɗumin ya koma cikin inuwar bango, kuma wannan ne ke sa inuwar lungu ta yi rai. Cycles na Blender da Lumen na Unreal, masu lissafin haske, suna lissafa shi da kansu. Idan ya yi kaɗan, halal ne ka ɓoye ƙaramar fitila ta ƙarfafa shi, da sharaɗi biyu: ta fito daga inda haske zai iya fitowa, kuma kada ta jefa inuwa ta biyu. Cikin zaure ma haka, ɗan haske kaɗan don kada ƙofar ta zama baƙin rami.

Dare kuwa duk ƙarya ne, kowa ya sani. A ma'aunin ƙarfin haske, rana tsaka tana kai lukus 100,000, farin wata cikakke bai kai lukus 1 ba. Abin da za ka kiyaye shi ne dangantaka: fitilar mai shayi ta fi wata ƙarfi a kusa da ita, kuma ta fi shi ɗumi.

Kashe daidaita haske na kai-tsaye a Unreal yayin da kake aiki, in ba haka ba kana gyara yana warwarewa. A Blender bar AgX, tsarin fitar da launi wanda ya zama na asali tun fitowar 4.0 a 2023, domin yana riƙe wurare masu tsananin haske ba su ƙone ba.

Mataki na 7: Kayan da ke nuna akwai mutane

Kowane abu ya amsa tambaya biyu: wa ya ajiye shi, don me? Takalma a bakin zaure, buta a gefen dakali, tabarma a naɗe, alluna a jingine. Turmi da taɓarya cikin gida suke, ba a tsakiyar lungu ba, duk da yadda suke da kyau a hoto. Tsakiyar hanya ƙafa ta daddaɓe ta, ƙura da ƙiraren kara a gefe suke taruwa.

Tara kayan a wuri biyu ko uku, mafi yawa kusa da zauren, ka bar manyan bangaye su huta. Masu wannan sana'a sukan ce kashi 70 hutu, kashi 30 ado. Wayar lantarki, in zamaninka na da ita, ja ta ta nufi inda kake so a kalla. Kada ka share lungun ya zama gidan tarihi, kada kuma ka jibge shi da shara don a ce ya yi kama da gaske.

Mataki na 8: Gwaji

Mai da hoton baƙi da fari. Idan zauren bai fito ba, matsalar haske ce, launi ba zai cece ta ba. Ƙanƙanta shi ya koma girman akwatin ashana ka ga ko har yanzu ana gane shi. Juya shi hagu zuwa dama, karkatar da idonka ya saba da ita za ta bayyana. Duk wannan da ƙaramin renda ake yi, wato fitar da hoton gwaji, da Eevee mai saurin aiki na Blender ko a kashi 25 na girman hoto, ba sai ka ƙona awa uku da man janareta ba.

Sannan ka nuna wa mutum biyu. Ɗan cikin birni, ko magini in ka samu, tambayarsa ita ce: me ka gani wanda ba haka yake ba? Wanda bai taɓa zuwa ba kuma: ina idonka ya fara sauka, kuma wane lokaci ne na yini? Kada ka yi musu bayani kafin su amsa.

Abin da ɗan birni ya kama, duba takardarka. Idan babu shi a ciki, kuskure ne, gyara shi. Idan yana ciki, ƙaryar ta yi yawa ke nan: rage ta da rabi ka sake nuna masa. Idan baƙon ya ce idonsa ya tafi wani wuri daban, nemo abin da ya fi zauren haske ko launi a can, ka dushe shi ko ka cire shi gaba ɗaya. Gyaran launi na ƙarshe sai bayan waɗannan duka, kuma da sauƙin hannu: ɗan ɗumi a wurin haske, ɗan sanyi a inuwa, duhu kaɗan a gefuna. Ajiye kwafin da ba a taɓa ba a gefe, ka riƙa kunnawa kana kashewa kana kwatanta su, domin bayan minti 20 ido yakan saba da kowane launi ya ce daidai ne.